Ɗakina a Kan Kufan Kasuwa

A makon farko na watan Nuwamba, shekarar da na je karatu birnin Shikago na ƙasar Amurka, sanyi ya kore ni daga ɗaki zuwa neman rigar da za ta tare mini iska. Ni ɗan kasuwa ne gaba da baya. Mahaifina ya shekara arba'in yana sayar da gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano, kuma tun ban kai tsawon dilar kaya ba na san cewa kuɗin da mai kaya ya fara faɗa gaisuwa ce kawai, ciniki yana gaba. Saboda haka da na shiga wani shago kusa da mahaɗar titin Halsted da titin Maxwell, na ga rigar da ta yi mini, sai na duba 'yar takardar da ke maƙale a hannunta, na taya rabin abin da aka rubuta. Yarinyar da ke tsaron shagon ta dube ni kamar wanda ya zo bara. Ba ta ce albarka ba, ba ta ce in ƙara ba. Ta nuna mini takardar da yatsa, ta koma kan na'urarta.

Na fito da kunya, ba riga. A bakin titi wani dattijo baƙar fata, wanda ashe ya hangi abin da ya faru ta gilashi, yana zaune a kan benci yana dariya har da buga sandarsa a ƙasa. Ya tambaye ni daga ina nake, na gaya masa. Sai ya ce ban ɓata wuri ba, makara kawai na yi: da na zo shekara talatin da suka wuce, a daidai inda nake tsaye, wanda ya biya kuɗin farko shi za a yi wa dariya. Ya ɗaga sandar ya nuna gabas da yamma, ya nuna jajayen gine-ginen da ke kewaye da mu, har da benen ɗalibai inda nake kwana, ya ce duk nan kasuwa ce, Yahudawa ne suka kafa ta, shi kuma a cikinta ya sayi takalmin da ya fara zuwa aiki da shi.

Wajibi ne in faɗi yadda maganar ta sauka a kunnena. Kalmar Bayahude, yadda na taso ina jin ta, abu biyu take tuna mini: labaran Gabas ta Tsakiya a rediyo, da baƙar maganar da ake jefa wa mai maƙo a kasuwa. Ban taɓa kawo wa raina Bayahude matalauci ba, wanda bai iya harshen gari ba, yana yawo cikin ƙanƙara da tsofaffin riguna rataye a kafaɗa kamar yadda mahaifina ya fara. Wannan jahilcin nawa ne ya kai ni ɗakin karatu. Na shafe wannan hunturu ina bin tarihin ƙasar da ke ƙarƙashin gadona, kuma abin da na tarar shi nake so in ba da labarinsa.

Titin Maxwell ya fara bayyana a taswirar Shikago a 1847, an sa masa sunan wani likitan soja, Philip Maxwell. 'Yan ƙasar Ailan masu aikin layin dogo ne suka fara zama a unguwar, sai Jamusawa da 'yan Bohemiya suka biyo. A daren 8 ga Oktoba, 1871, babbar gobarar Shikago ta tashi a titin DeKoven, layuka kaɗan arewa da Maxwell. Iska ta kora wutar arewa maso gabas, ta lashe tsakiyar birnin, ta bar mutum kusan 100,000 ba matsuguni, amma unguwar Maxwell ta tsira da tsofaffin gidajenta na katako. Wannan tsira ita ta yanke wa unguwar makomarta. Sassan da suka ƙone sun tashi da sabon bulo da dutse, ita kuwa ta zauna da gidaje masu araha, irin waɗanda baƙon da ya sauka daga jirgi da ƙunshin tsumma kaɗai zai iya kama ɗaki a ciki.

Baƙin da suka fi ba unguwar suna sun fito ne daga Gabashin Turai. A daular Rasha an killace yawancin Yahudawa a wani yanki na yammacin ƙasar, wanda ya haɗa da sassan Folan da Lituweniya da Yukren da Belarus na yau. A watan Maris na 1881 aka kashe Sarkin Rasha, Alexander na Biyu. Duk da cewa 'yan juyin juya hali ne suka kashe shi, an ɗora wa Yahudawa laifi, gungun mutane suka riƙa faɗa wa unguwanninsu da duka da kisa da wawashe dukiya. A 1882 aka kafa dokokin da suka ƙara ƙuntata musu, aka hana su sabon zama a karkara da sayen filaye a can. Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawan Gabashin Turai sama da miliyan biyu suka ƙetare teku zuwa Amurka. Waɗanda suka zarce Shikago sun tarar da 'yan uwansu na Jamus da suka riga su zuwa tun shekarun 1840, sun yi arziki, sun goge da Ingilishi. Tsohon baƙo kan ji kunyar sabon baƙo, kuma haka ta faru: masu dogon gemu da doguwar riga da harshen Yidish sun zame wa na farko abin ɗar-ɗar. Duk da haka sun taimaka musu, har suka gina wa 'ya'yansu makarantar koyon sana'a a 1890. Sababbin suka taru a kewayen Maxwell, suka kafa majami'u kusan 40 da mahauta masu yanka bisa ƙa'idar addininsu da gidajen burodi da makarantun yara. Zuwa 1930 Yahudawan Shikago sun kai 275,000, fiye da kashi 80 cikin ɗari 'yan asalin Gabashin Turai.

Wanda ya sauka ba jari hanya biyu ce a gabansa: ɗinki ko talla. Ɗinkin a ƙuntatattun ɗakuna ake yinsa, inda iyali guda, har da yara ƙanana, kan duƙufa a kan keke daga asuba zuwa dare suna haɗa riguna ga 'yan kwangilar manyan kamfanoni, ana biyansu da ƙidayar abin da suka ɗinka. Gidan Hull, cibiyar taimakon baƙi da Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe a titin Halsted a 1889, shi ya tona asirin waɗannan ɗakuna. Binciken da Florence Kelley ta yi daga can ya taimaka aka kafa dokar masana'antu ta jihar Illinois a 1893, aka kuma naɗa ta shugabar masu duba masana'antun. A 1910 wasu 'yan mata maɗinka suka ajiye aiki saboda an rage musu kuɗi, abin ya bazu ya zama yajin aikin ma'aikata kusan 40,000, wanda daga cikinsa Sidney Hillman da Bessie Abramowitz suka fito a matsayin jagororin ƙwadago.

Talla kuwa, ko ba komai, mutum shi ke da kansa. Matakanta duk ɗan kasuwa ya san su. Za ka fara da ƙunshi a baya: allura, zare, maɓallai, safa, ashana, kana bin gidaje. Idan Allah ya buɗa, ka yi hayar amalanke ka kafa a bakin titi. Daga amalanke sai tebur, daga tebur sai rumfa, daga rumfa sai shago mai ƙofa da suna a sama. Kayan farko bashi ne, daga hannun wani ɗan garinku da ya riga ka zuwa. Akwai kuma ƙungiyoyin ba da rance ba ruwa, domin a addininsu ba wa mabuƙaci bashi ba tare da riba ba babban aikin lada ne. Lokacin da na karanta wannan sai na ajiye littafin, domin na tuna cewa dilar mahaifina ta farko ma ba da kuɗinsa ya ɗauke ta ba. Wani maigida ne ya dube shi ya ce ya je ya sayar, ya kawo uwar kuɗi.

Amalanken sun fara taruwa ne a titin Jefferson, sannan suka malalo zuwa Maxwell. A 1912 majalisar birnin ta amince da wurin a matsayin kasuwa a hukumance, ta sa jami'i mai kama da sarkin kasuwa yana karɓar ɗan kuɗin wuri. Babbar ranar cin kasuwar Lahadi ce, kuma dalilin a bayyane yake. Asabar ranar hutu da ibada ce ga Yahudawa, mai kiyaye addini ba ya taɓa ciniki a cikinta. Lahadi kuwa manyan kantunan tsakiyar birni a rufe suke, ma'aikata suna hutu, kuɗin mako yana aljihu. Abin da ya zama takura ga baƙi a wani wuri, a nan shi ya zama ribarsu, domin sun buɗe a ranar da kowa ya rufe.

Babu abin da ba a kasawa. Kifi mai gishiri a cikin ganguna, kaji da rai, dankali da albasa, tsofaffin kwat da huluna, takalma sababbi da sawu, tabarau a tsibi wanda mutum zai yi ta gwadawa har ya dace, tukwane, ƙusoshi, agoguna, daga baya kuma tayoyi da kayan gyaran mota. A ƙofar shagunan tufafi akwai mutanen da aikinsu kawai shi ne su cafke hannun mai wucewa su ja shi ciki da daɗin baki, wani lokaci ma da ƙarfin tuwo. Babu kuɗi a rubuce. Mai kaya ya ɗaga, mai saye ya kwantar, ya juya kamar zai tafi, a kira shi ya dawo. Har akwai shagon da ya yi suna da allon da ke shelanta wa jama'a cewa a nan ana cutar mutum ne bisa adalci. Wasa ne, amma yana ɗauke da dokar wurin: ka buɗe idonka, ni ma na buɗe nawa, duk wanda ya fi iyawa ya ci. Masanin zamantakewa Louis Wirth ya bayyana kasuwar a littafinsa The Ghetto na 1928, kuma tun a lokacin ya lura cewa masu saye sun fito daga kowace ƙabila ta birnin.

Ba na so in yi wa wurin kwalliyar da ba shi da ita. Unguwar ta cushe fiye da kima, ga shara, ga cututtuka, ga gidajen da rana ba ta shiga. Kowa ya san wasu daga kayan da ake kasawa na sata ne. Yankin 'yan sandan unguwar ya yi ƙaurin suna da zubar da jini tun ƙarshen ƙarni na 19, har jaridu suna haɗa sunan Maxwell da jini. A 1923 'yan fashi suka harbe wani malamin addini mai ƙaramin shagon kayan masarufi a unguwar. Iyalinsa suka watse, aka kai ƙananan 'ya'yansa gidan marayu, ɗansa guda ya shiga dambe don ya tara kuɗin haɗa kan 'yan uwansa. Shi ne Barney Ross, wanda ya zama zakaran duniya a ajin nauyi uku. Abokinsa na ƙuruciya a waɗannan lunguna shi ne Jack Ruby, wanda a 1963 ya harbe mutumin da ake tuhuma da kashe Shugaba Kennedy. Tukunya ɗaya ce ta dafa su duka.

Amma dubi sauran da tukunyar ta fitar. Benny Goodman, wanda aka haifa a 1909, na tara cikin 'ya'ya 12 na wani tela, ya fara koyon busa kilarinet, wata abar busa mai siffar algaita, a majami'a yana ɗan shekara 10, ya ci gaba a Gidan Hull. Ya zama ɗaya daga manyan makaɗan jaz na duniya, kuma yana cikin na farko da suka hau dandamali da makaɗa farare da baƙaƙe tare, a zamanin da hakan ke iya ja wa mutum asara. Arthur Goldberg, ɗan mai tallar kayan gwari a keken doki, ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka a 1962. William Paley, ɗan mai naɗa sigari, shi ya gina kamfanin rediyo da talabijin na CBS. Ba kasuwar ce ta koya musu shari'a ko kiɗa ba. Abin da ta yi shi ne ta ciyar da gidajensu har suka kai ƙofar makaranta.

Nasarar kasuwar ita ce ta kwashe mutanenta. Duk wanda ya ɗan samu sai ya tattara iyalinsa ya koma yamma, unguwar Lawndale, inda gidaje suka fi faɗi. A 1924 Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar baƙi daga Gabashi da Kudancin Turai, sai mashigar ta ƙafe. Da kasuwar ta ƙabila ɗaya ce, da a nan labarinta ya ƙare. Amma a daidai lokacin wata hijirar tana gudana a cikin Amurka kanta. Baƙaƙen fata suna gudun wariya da kisan gilla da bautar gonakin auduga na Kudu, suna hawa jirgin ƙasa daga Misisifi da maƙwabtanta suna sauka a tashar titi na 12, ba nisa da Maxwell. A 1910 baƙaƙen Shikago sun kai kimanin 44,000, a 1930 sun haura 230,000. Da yawa suka kama ɗakunan da Yahudawa suka bari. 'Yan Meziko ma suka iso. Yahudawa masu shaguna suka ci gaba da zuwa daga sababbin unguwanninsu suna buɗewa kowace safiya, teburan titi kuwa suka koma hannun sababbin baƙi. Baƙaƙen suka riƙa kiran wurin Garin Yahudawa, sunan da ya zauna a bakinsu har bayan Yahudawan sun daina kwana a can. Ba a rasa saɓani tsakanin mai shago da mai haya, ko tsakanin mai ba da bashi da mai ci. Sai dai a birnin da manyan kantuna da yawa ke yi wa baƙar fata kallon raini, Maxwell wuri ne da za a ja hannunsa a shigar da shi, a gwada masa kwat, a yi ciniki da shi ido da ido.

Baƙin Kudu sun zo da kiɗansu na baƙin ciki da juriya, wanda ake kira buluz. Tun a 1925 Papa Charlie Jackson ya ɗauki waƙa a faifai da sunan titin. Makaɗa kan kafa a kwanar layi ranar Lahadi suna neman abin da masu wucewa za su jefa. Amma jitar katako ba ta iya ƙetare hayaniyar dubban masu ciniki. Saboda haka makaɗan suka riƙa jawo wayar wuta daga tagogin gidaje da shaguna, suna jona amsa-kuwwa. Masu shaguna sun yarda, domin inda kiɗa ya tara jama'a nan ciniki yake. Daga wannan buƙata ta kasuwa sautin buluz na lantarki, wanda aka san Shikago da shi, ya samu ɗaya daga wuraren da ya girma, kuma shi ne daga baya matasan Ingila suka kwaikwaya suka zagaya duniya da shi. Little Walter, gwanin busa hamonika, ya yi faifansa na farko a 1947 a hannun Bernard Abrams, mai shagon rediyo da faya-fayai a titin Maxwell. Bo Diddley ya yi kiɗa a can yana yaro. Fim ɗin And This Is Free da Mike Shea ya ɗauka a 1964 ya adana Robert Nighthawk yana kiɗa a tsakiyar jama'a, tare da masu wa'azi da masu tallar magani. Na kalle shi sau uku a ɗakina, ina ƙoƙarin gane ko wace kwana ce tagata take kallo.

Ba rana ɗaya aka kashe kasuwar ba, yanka-yanka aka yi mata. A ƙarshen shekarun 1920 aka miƙar da kogin Shikago, layukan dogo suka ci gefenta na gabas. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka rushe wani babban sashe don gina babbar hanyar mota ta Dan Ryan, wadda aka kammala buɗewa a 1962. Sannan magajin gari Richard J. Daley ya zaɓi unguwar da ke arewa da kasuwar don gina sabon reshen Jami'ar Illinois. Mazauna wurin, yawancinsu Italiyawa, suka yi turjiya ƙarƙashin jagorancin wata mata, Florence Scala, har kotu, amma ba su yi nasara ba. A 1963 aka rushe yawancin gine-ginen Gidan Hull, a 1965 jami'ar ta buɗe. Dubban mutanen da ke sauka daga gidajensu su shiga kasuwa da ƙafa suka watse. Gine-ginen da suka rage, da yake kowa ya san ranarsu na zuwa, ba mai gyara su. Suna faɗuwa ko suna ƙonewa, filayensu suna zama kango. Abin mamaki, kasuwar ba ta mutu ba. Ta bazu cikin kangayen, duk Lahadi ɗaruruwan 'yan kasuwa suna shimfiɗa kayansu a kan ƙasa da kan motoci tun kafin gari ya waye.

Abin da uba ya fara, ɗa ne ya ƙarasa. A zamanin magajin gari Richard M. Daley jami'ar ta nemi faɗaɗawa kudu, birnin ya sayar mata da filayen. Hujjar hukuma ita ce wurin ya lalace, ya zama matattarar shara da kayan sata, jami'a kuma tana buƙatar filayen wasanni da gidajen ɗalibai. 'Yan kasuwa da makaɗa da wasu malamai suka tashi tsaye. Masana uku, Alfonso Morales da Steven Balkin da Joseph Persky, sun yi nazarin da ya nuna cewa abin da kasuwar ke samar wa talakawa, masu sayarwa da masu saye, ya fi ƙarfin abin da ake gani a littafin haraji. An nemi a sa unguwar cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1994, aka sake nema a 2000, duka ba a samu ba. Ranar Lahadi 28 ga Agusta, 1994, kasuwar ta ci cinta na ƙarshe a titin Maxwell. Aka mayar da ita titin Canal, wuri ya ragu, kuɗin wuri ya ƙaru, kuma waɗanda suka fara zubewa su ne masu ƙaramin jari, wato ainihin mutanen da kasuwar ta wanzu dominsu. A 2008 aka sake ɗaga ta zuwa titin Desplaines, inda ta fi shahara da abincin 'yan Meziko. A 2024 birnin ya dawo da sunan zuwa wani ɗan yanki na tsohon titin, a wasu 'yan Lahadi na lokacin zafi, da rumfuna masu tsari da izini.

Abin da ya maye gurbin kasuwar unguwa ce mai tsabta da ake kira Ƙauyen Jami'a: gidaje masu tsada, ɗakunan ɗalibai, wuraren cin abinci. Ba a ce an manta ba. An bar 'yan gine-gine kaɗan. An kwance fuskokin wasu tsofaffin shaguna, bulo bayan bulo, aka manna su a jikin sababbin gine-gine, har da na ajiye motoci, ta yadda mai wucewa zai ga tagar shago amma babu shago a bayanta. An kafa mutum-mutumin tagulla na makaɗi da jitarsa, da na ɗan kasuwa da kayansa, da alluna masu bayanin tarihi. Na daɗe ina tsayawa gaban na ɗan kasuwar. An ba shi wuri na har abada a bakin titi, ba ya biyan ko kwabo, ba mai korarsa. Amma da wani mai rai zai shimfiɗa buhu kusa da shi ya kasa safa, kafin azahar an tashe shi.

A nan ne alƙalamina ke nauyi, domin ni ba ɗan kallo ba ne. A kan kufan nan nake kwana, ɗakin karatun da na binciko wannan tarihi na jami'ar ne, kuma ajinmu cike yake da 'ya'yan baƙi daga Meziko da Folan da Indiya da Falasɗinu da Najeriya, da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka taka jami'a. Ba zan ce jami'a sharri ce ba, ita ma tsani ce. Amma matakinta na farko yana sama. Kafin ka kai gare shi sai kana da harshe da takardar shaida da kuɗin makaranta, da iyayen da za su riƙe gida kafin ka gama. Matakin Maxwell kuwa a ƙasa yake, daidai da tafin ƙafar wanda ya sauka jiya. Ba ya tambayar takarda, ba ya tambayar ƙabila. Mahaifin Arthur Goldberg bai cancanci shiga kowace jami'a ba, amma keken dokinsa ne ya fara hanyar da ta kai ɗansa Kotun Ƙoli. Birnin da ya cire matakin ƙasa don ya ƙara na sama ya kyauta wa irina, ya juya wa irin mahaifina baya. Gadon da Yahudawan Maxwell suka bari ba bulo ba ne da za a manna a bango. Al'ada ce ta barin baƙo ya kasa kayansa, wadda suka gina don kansu, ta yi wa baƙaƙen Misisifi aiki, ta yi wa 'yan Meziko aiki, shekara fiye da ɗari. Ita ce ba a samu inda za a ajiye ba.

Da hunturu ya wuce na kira mahaifina na ba shi labarin tun daga farko. Na zaci zai tsaya a kan maganar Yahudawa, amma bai ko ɗaga ta ba. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya yi tambaya irin ta ɗan kasuwa.

"To, su masu teburan, ina suka koma?"

Na ce, "Baba, wasu sun bi ta sabon wuri, wasu sun watse."

"Wanda ya zo garin yau ba shi da komai fa, wa zai ba shi dila?"

Na ce masa allunan tarihin ba su kai nan ba. Ya yi shiru, ina jin hayaniyar Ƙofar Wambai a bayansa, wani yana cewa albarka, wani yana cewa a ƙara. Can ya tambaye ni ko na samu rigar sanyin. Na ce na samu, a wani shagon gwanjo can kudancin birni. Ya ce nawa. Da na gaya masa, ya tambaya ko na taya.

Na ce, "Baba, ba a tayawa."

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya juya ga mai sayen da ke jiransa.